A Kashe Injin Kaka, Za A Ɗauki Murya

Babu wanda ya taɓa ɗaga wa Gavril hannu a gidan nan. Ba a hana shi abinci ba, ba a zage shi ba, ana wanke masa kaya har a goge. Shi ya sa har yau in aka ɗauko maganar a layin burodi na unguwarsu a Lupeni, garin masu haƙar kwal, sai ka ji wani ya ce ai iyalin mutanen kirki ne, tsautsayi ne kawai. Mutanen kirkin ne kuwa. Abin da ya sa maganar ta fi ciwo ke nan.

Gavril ya bar ƙuruciyarsa da huhunsa a ramin kwal. Abin da ya fito da shi fansho ne, da gida mai ɗaki uku a hawa na biyu, sai wani farin inji mai tsayin gwiwa da ke tsaye a gefen gadonsa yana tace iska, yana turo masa ita ta siririyar tiyo zuwa hanci. Injin ba ya shiru. Yana gurnani ƙasa-ƙasa, can ya furzar, ya sake ɗauka. Ɗansa Traian da surukarsa Rodica sun daɗe da daina jin sa, kamar yadda mai gida a bakin titin jirgi yake daina jin jirgi. Shi kuwa Gavril son ƙarar yake yi. A ƙarƙashin ƙasa, muddin babbar fanka tana kuka to akwai rai. Ranar da ta yi shiru, kowa ajiye diga yake ya nemi hanyar fita.

Damuwar gidan ba tsohon ba ne, jikansa ne, Codrin. Ya gama makaranta, ya zaga gari neman aiki har takalminsa ya cinye, bai samu ba. Abokan karatunsa duk sun watse, wannan yana wankin kwanuka a Italiya, wancan yana yankan kaji a Jamus, iyayensu mata suna nan suna hira da waya. Rodica ba ta da wani ɗa. Duk sanda Codrin ya daɗe yana kallon wayarsa sai ta ɗauka tikitin mota yake dubawa. Saboda haka ranar da ya ce shi waƙa zai yi, kuma a gida zai riƙa ɗauka, ba wanda ya tambaye shi ko ya iya. Aka kwashe keken ɗinkin Rodica daga ƙaramin ɗakin da ke manne da na tsohon, aka bi bango da kiret ɗin ƙwai, aka rataye tsofaffin barguna a taga.

Saura abu ɗaya, katin sauti. Wani ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin makirufo da kwamfuta, shi ke karɓar murya ya miƙa ta ciki. An yi makonni ba a cin abinci a gidan sai da maganarsa. Codrin zai ajiye cokali ya juyo da waya: wannan kafar sa makirufo ɗaya gare shi, wancan biyu, jan ya fi kyau a hoto, baƙin an ce ya fi ƙarko, wani a bidiyo ya ce kada mai koyo ya sayi babba, wani ya ce duk wanda ya sayi ƙarami zai ciji yatsa. Ya zaɓa da safe, ya fasa da yamma. Ya tashi ya zaga tebur, ya dawo, miyarsa ta huce.

"Kai ɗan nema," in ji Gavril wata rana, "abin da bai kai gwangwanin kifi ba shi ya hana ka zama? Ni ko kakarka ban ɓata wannan lokacin wajen zaɓenta ba."

"Ita ce ba ta da zaɓi, Kaka. Da a zamaninku ana mayar da kaya, da tuni ta mayar da kai kanti."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yana son yaron fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa, kuma shi ma ba ya son ya tafi.

A ƙarshe Codrin ya kira wani kantin kayan kiɗa a birnin Cluj, ya buɗe murya kowa yana ji. Mai kantin bai fara da tallan kaya ba, sai ya tambaye shi inda yake zaune. Da ya ji tsohon gidan bene ne, irin mai bangon da ake jin atishawar maƙwabci, kuma akwai mutane a gidan, sai ya ce masa ya ɗauki ƙaramin kati da makirufon hannu, wanda ba ya jin komai sai bakin da ya matso kusa da shi. Ya ce babban makirufo mai tsayawa a kan sanda, wanda kati ke ba wuta, kunne gare shi kamar maciji: yana jin firji, yana jin agogo, yana jin taku, har numfashin wanda ke bayan bango. Irin wannan sai ɗaki na musamman.

Codrin ya yi godiya ya kashe waya, ya ce mutumin nan so yake ya mayar da shi mawaƙin biki. Makirufon hannu ai na masu yi wa amarya da ango waƙa ne ana cin nama. Duk wanda yake gani a bidiyo, babban ne a gabansa. Rodica ta ce tunda za a yi, a yi mai kyau. Traian ya ce shi bai san komai a harkar ba. Gavril ya ji maganar numfashin bayan bango sarai. Ya dubi bangon, ya ci gaba da cin tuwon masararsa da cuku. Babban makirufon aka saya, daga fanshonsa aka biya.

Kati na farko ya zo, ya kwana biyu, aka mayar. Codrin ya ce akwai wani gurnani a ƙarƙashin duk muryar da ya ɗauka, kayan jabu ne. Na biyu ya fi tsada, gurnanin ya fi fitowa. Ya canza waya, ya canza soket, ya cire firji daga wuta, ya sauke agogon bango ya kai banɗaki. Yana shiga yana fita, yana buga ƙofa, yana rubuta wa mutanen da bai sani ba tambayoyi a intanet. Wata rana da hantsi sai ya tsaya cak a bakin ƙofar kakansa, manyan iyafis a wuya, yana kallon farin injin kamar yau ya fara ganin sa.

Ya jawo doguwar waya ya ɗora wa tsohon iyafis ɗin a kunne. Gavril ya ji injinsa ya zama dodo, gurnaninsa ya cika masa kai, a bayansa kuma wani abu yana ja yana saki kamar zarto a jiƙaƙƙen itace. Sai da ya ɗan jima kafin ya gane ƙirjinsa ne.

"Ashe ni ne babban mawaƙin gidan," ya ce. "Sai ka sa sunana a faifan."

Codrin bai yi dariya ba.

Ba rana ɗaya aka kai ga kashe injin ba. Zaluncin cikin gida ba ya zuwa da gudu, taku-taku yake yi, kowane taku da kyakkyawar hujjarsa. Da farko tawul aka shimfiɗa masa a ƙarƙashi. Bai yi ba. Aka lulluɓe shi da bargo, ya ɗau zafi ya fara tsuwa, aka yaye. Sai Traian ya sayo doguwar tiyo, aka ɗauke injin aka kai shi barandar kicin mai gilashi, can ƙarshen gida, tiyon ta biyo gefen bango ta ratsa falo har gadon tsohon. Kowa ya yaba dabarar. Ba wanda ya ce uffan a kan cewa maɓallin da a da yake daidai hannun Gavril, yanzu ya koma inda sai ya tsaya ya huta a hanya kafin ya kai.

Makirufon dai bai daina ji ba. Gurnanin ya bi ta daɓe ya same shi.

"Minti biyar kawai, Kaka," in ji Codrin. Ya durƙusa a gaban gadon ya riƙe masa hannu. "Baiti ɗaya zan ɗauka. Kafin ka juya na kunna."

Gavril ya ce ai shi ya yi yini guda a ƙarƙashin ƙasa cikin iskar da ko ɓera ba ya zama a cikinta, minti biyar ɗin me, ba komai. Da bakinsa ya faɗa. Wannan maganar ce aka riƙe, aka yi ta fito da ita daga baya duk sanda aka buƙace ta.

Ranar farko minti biyar ɗin ne. Codrin ya fito da gudu ya kunna, ya sumbaci kan tsohon, ya ce murya ta fito fes kamar ruwan dutse. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da mai koyon waƙa ya san babu baitin da ake ɗauka sau ɗaya. A sake, harshe ya yi tuntuɓe. A sake, murya ta karye. A saurara, a goge, a sake. Wanda ke cikin iyafis ba ya sanin tafiyar lokaci. Wanda ke kwance yana jiran iska kuwa, ba abin da ya sani sai ita.

Gavril ya koyi gane alamun. In ya ji an cire firji, to shi ne na gaba. Sai iskar da ke hura masa hanci ta yanke, gidan ya yi tsit, irin shirun da jikinsa ya sani tun yana saurayi, mai cewa tashi ka gudu. Ba ya iya kwanciya, ba ya iya zama. Ya jingina da filo, ya zame, ya sauko da ƙafa, ya tuna katakon ƙasa yana kuka in an taka, ya mayar da ita. An roƙe shi kada ya kunna talabijin. An roƙe shi, cikin ladabi, in tari ya zo ya daure har a kai ƙarshen baiti. Yakan cusa fuska a filo ya yi shi a can, idanunsa na zubar da ruwa. Ta bango yana jin jikansa yana nanata layi ɗaya, waƙar wani saurayi da garinsu ya ishe shi.

Ciwon kai ya fara tashinsa da safe. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Yakan fara magana ya manta ƙarshenta. Rodica ta lura, ba makauniya ba ce. Abin da ta yi shi ne ta ƙara masa zuma a shayi, ta sayo masa sabuwar safa mai kauri, ta riƙa zama a bakin gadon bayan an kunna injin tana ba shi labarin yadda yaron ya canza: yana aske gemu, ya daina kwana har azahar, jiya ma ya wanke kofin da ya sha. Ta ce duk albarkacin Baba ne. Wanda aka gode wa haka, ta ina zai fara ƙorafi?

Tanti Ortansa, tsohuwar da ke zaune a ƙasansu, ta hau dawo da tukunyar da ta ara, ta leƙa ta gaishe shi. Da ta fito ta ce wa Rodica leɓɓan Baba Gavril sun yi shuɗi-shuɗi, ita ba ta son kalarsu. Rodica ta ce sanyin bana ne. Bayan ta sauka kuwa Rodica ta ce matar nan ba ta da aiki sai sa ido, ita ce fa mai buga musu bututu duk sanda yaro ya ɗan ɗaga kiɗa. Bututun ɗumama ɗaki ne da ya ratsa benen daga ƙasa har sama. An yi shekaru ruwan zafi bai bi ta cikinsa ba. Amfaninsa ɗaya ya rage: in maƙwabci ya dame ka da hayaniya, ka ɗauki abin da ke hannunka ka ƙwanƙwasa, duk benen ya ji.

Sau ɗaya Gavril ya gwada magana. Traian ya dawo daga aikin gadi, ya zauna a bakin gadon yana murza ƙafa, tsohon ya tambaye shi a hankali ko za a duba makirufon nan na hannu da mai kanti ya faɗa. Traian ya yi ajiyar zuciya. Ya ce lokacin mayar da kaya ya wuce. Ya ce yaron ya fara samun masu saurare, karo na farko ke nan da yake tashi da safe da abin yi. Ya ce in aka karya masa gwiwa yanzu, wata mai zuwa yana cikin motar Jamus, kuma Rodica ba za ta yafe wa kowa ba.

"Kuma Baba, kai da kanka ka ce ba komai."

"Na faɗa."

"To ka gani. In ya yi yawa ai sai ka kira."

Da me zai kira? Wannan tambayar ba ta zo wa Traian ba, mutumin da ya girma yana jin tarin ubansa ta bango. Tun ranar da aka kawo injin likita ya faɗa musu ba kayan ado ba ne, kusan yini da kwana ake so yana aiki. Rodica ta ce likitoci kullum sai sun ƙara gishiri. Codrin ya ce da zarar waƙa ɗaya ta shiga zai kama situdiyo na gaske, ya saya wa Kaka injin da ba ya ƙara ko kaɗan. Kowa yana da gobe mai kyau da ya tanadar wa tsohon. Yau ɗinsa kawai suke ara.

Ranar Asabar ce, bayan abincin rana. Codrin ya gayyato wata yarinya mai murya, Ilinca, za ta yi masa amshi. Tun safe yake goge-goge, ya fesa turare, ya leƙo ya ce yau ce ranar, Kaka ya sa shi a addu'a. Rodica ta ɗora kasko za ta soya musu fanke. Traian yana wurin aiki. Aka cire firji. Aka kashe inji. Aka ja wa tsohon ƙofa, aka toshe ƙasanta da tawul.

Ya jira. Ya ji dariyar yarinyar, ya ji an fara, an tsaya, an sake. Hasken taga ya tashi daga kan bargonsa ya hau kabad. Ya ce a ransa yaro yana da baƙuwa, ba yau ce ranar da za a ba shi kunya ba. Ya buɗe baki yana jan iska kamar kifin da aka jefa a kwando, tana shiga amma ba ta isa ko'ina. Yatsunsa suka yi sanyi. Gefen ganinsa ya fara duhu. Ya kira Rodica, abin da ya fito daga bakinsa bai kai ƙofa ba.

Sai ya ce bari ya je barandar da kansa, katako ya yi kukan da zai yi. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafa, ɗakin ya juya, ya tsinci kansa a ƙasa, kafaɗarsa a jikin bututu. Cokalin shayinsa ya faɗo tare da shi. Bai yi wani tunani ba. Hannunsa ne ya tuna abin da aka koya masa tun ranarsa ta farko a rami: in ƙasa ta rufe ka, kada ka ɓata iska wajen ihu, nemi ƙarfe ka buga, ka huta, ka sake bugawa, na sama za su ji. Ya buga. Ya huta. Ya buga.

An ji shi kuwa. A kicin Rodica ta ɗaga kai daga kasko ta ce matar nan ta fara, ko ranar da yaro ke da baƙuwa ba za ta raga ba, ta tura ƙofa ta rufe. Tsakaninta da injin da yake a kashe bai fi ta miƙa hannu ba. A ɗakin waƙa Codrin ya ga bugun yana fitowa a allon kwamfuta, ya yi tsaki, sannan ya karkata kai ya ce wa Ilinca ta saurara, tsohuwar ma a kan kiɗa take, a bar ta ta yi.

Ba ƙauna ce ta ceci Gavril ba, haushi ne. Ortansa tana barcin rana ƙarar ta tashe ta. Ta jure, ta kasa, ta hau bene tana haki, ta danna ƙararrawa ta ƙi saki. Rodica ta buɗe da matsamin suya a hannu.

"Kiɗan bai ishe ku ba, sai kun haɗa da buga mini bututu a ka?"

"Mu? Tanti, ki ji tsoron Allah. Ke ce tun ɗazu kike..."

Ba ta ƙarasa ba. Bututun ya sake ƙara, a raunane, ga kuma Ortansa tsaye a gabanta hannu wofi.

Abu na farko da Rodica ta yi, kafin ma ta buɗe ƙofar surukinta, shi ne ta ruga baranda ta kunna injin. Ana iya cewa daidai ta yi, iska yake buƙata. Amma da masu motar asibiti suka tambaya ko injin yana aiki, sai ta nuna musu shi yana gurnani ta ce ga shi kuwa. Codrin ya fito fuska ba jini, ya fara cewa shi ya manta. Ta tari numfashinsa ta ce ita ta daɗe da kunnawa, tun suna baitin farko, ciwon ne kawai ya motsa. Yaron ya dube ta, ya ga ta buɗe masa ƙofar tsira, ya bi. Maganar bututu aka bar ta a kan Ortansa, ita kuma aka roƙe ta ta rufa asiri. Ta rufa. A benen nan kowa yana da abin da maƙwabci ya rufa masa.

A asibiti iskar daga bango take zuwa, ba yankewa. Ɗakin cike yake da tsofaffin 'yan rami, kowa da tarinsa, kowa da na'urarsa, hayaniya ba dare ba rana. Gavril ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Likitar ta ce zuciyarsa ta wahala, ba za ta koma yadda take ba. Ta tambaye shi ko yana cire tiyon a gida, don wasu tsofaffin akwai taurin kai. Ya dubi Traian, Traian ya dubi ƙasa. Tsohon ya ce wani lokaci.

Da mako ya zagayo suka zo duba shi su uku, da miyar kaza a kwalba. Codrin ya rame, amma idanunsa na sheƙi. Ya ce ya gama waƙar, ya sa ta a intanet, mutane suna ta turawa juna, kuma sunan Kaka ya rubuta a ƙasanta. Ya ɗora masa iyafis.

Muryar ta fito fes, ba gurnani, ba komai a bayanta. Yaron ya iya. Gavril ya ji haka, kuma duk da komai ya ji daɗi. Sai kiɗan ya shigo. Ba ganga ba ce. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, bugu, hutu, bugu, an yanko shi an jera, ana maimaita shi har ƙarshen waƙar, muryar yarinyar tana yawo a kansa.

"Ka ji dabara, Kaka? Bugun Tanti Ortansa ne. Ta zo ɓata mini waƙa, ta ba ni kiɗa kyauta. Kowa shi yake tambaya. Katin nan ba ya barin komai ya wuce, na gaya maka mai kyau na zaɓa."

Gavril ya cire iyafis ɗin ya riƙe a cinya. Rodica ta hau buɗe kwalbar miya da sauri tana cewa a sha tun da zafi. Ya dube ta, ta roƙe shi da ido. Ya san abin da ake so ya yi, abin da ya saba: ya yi barkwanci, ya ce a ba Ortansa kasonta, a yi dariya a tafi gida. In ya yi haka yaron zai zauna. Za a mayar da shi gadonsa, a yi kwanaki ana lallaɓa shi, sannan wata rana a durƙusa a riƙe masa hannu a ce minti biyar.

Ya janye robar iskar da ke rufe masa hanci da baki.

"Wurin da aka yi bugun nan, kafin ka yanka shi. Ka saurare shi da kyau?"

"Har na haddace."

"Akwai ƙarar injina a ciki?"

"Ko ɗis. Tsit yake, shi ya sa ma ya..." Codrin ya tsaya. Ya juya ya dubi uwarsa.

"Ortansa da muciya take bugawa, kuma ba ta hutawa," in ji Gavril. "Mai hutawa tsakanin bugu, wanda iska ta ƙare wa ne. Cokalina ne, Codrin. Ni ne."

Tsohon da ke gadon kusa ya daina tari. Traian ya ce ƙasa-ƙasa ba nan ne wurin wannan magana ba, mutane suna ji. Rodica ta fashe da kuka, ta ce ita duk abin da ta yi don kada gidan ya watse ta yi, kuma da Baba ya kira ai da an zo. Codrin ya miƙa hannu. Ya karɓi iyafis ɗin, ya naɗe wayar a hannu, ya warware, ya sake naɗewa, ya fita. Gavril ya mayar da robar. Bai ji ya ci wata nasara ba. Ya dai ji iska tana shiga.

A daren ranar waƙar ta ɓace daga intanet. Kafin ƙanƙara ta rufe duwatsu Codrin ya hau motar Jamus. Katin sauti da babban makirufo suna cikin kwalinsu a saman kabad, keken ɗinki ya koma ɗakinsa. Rodica tana kawo wa surukinta abinci a kan lokaci, ta ajiye, ta fita. Ta daina sa zuma a shayin.

A layin burodi kuwa an yanke hukunci. An ce tsoho da ya rage masa 'yan kwanaki, me zai sa ya kori jikansa da magana, ai da ya haƙura. Ka ji fa. Mutum ya faɗi ƙasa yana neman iska a gidan da ya saya da huhunsa, amma laifin da aka gano shi ne ya faɗa. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka ji shawarar mai kanti aka yi watsi da ita don kada yaro ya yi kama da mawaƙin biki. Ba wanda ya tambayi yadda lafiyayyu uku suka rasa wanda zai tuna da maɓalli ɗaya. Amsar kowa a shirye take: ai shi ya ce ba komai. To wane tsoho ne ba ya cewa ba komai? Wanda kai kake ɗauko masa ruwan sha, kai kake kai shi banɗaki, kai kaɗai ka rage masa a duniya, in ka durƙusa ka riƙe masa hannu ka roƙe shi numfashinsa ma, ba ka zai yi. Ba yarda ya yi ba. Tsoron ya zama kaya yake ji. A kowane bene na kwarin nan akwai ɗakin baya da wani ke kwance yana cewa ba komai, an ɗauke masa ɗaki, ko fansho, ko rediyo, ko taga, ana kuma gode masa.

Injin ya dawo gefen gado. Wannan kaɗai Gavril ya nema ranar da aka sallame shi, kuma bai roƙa ba, faɗa ya yi. Yanzu ba ya iya kaiwa ko ƙofar ɗaki ba tare da an riƙe shi ba. Yakan kwanta hannunsa ɗaya a kan farin murfin, yana jin rawar injin a tafinsa.

Duk Lahadi da rana waya takan yi ƙara. Codrin ba ya maganar waƙa, ba ya faɗar irin aikin da yake yi a can. Ko gaisuwa ba ya bari a gama.

"Kaka, matso da wayar kusa da shi."

Tsohon ya miƙa hannu ya kara wayar a jikin injin. Yana gurnani, ya furzar, ya sake ɗauka. Can a ɗaya ɓangaren yaron ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "To. Yanzu ina jin ka. Ya jikin?"